Wa Ya Hana Kwamfuta Barci?

Ƙorafin yakan zo wa masu gyara da kalmomi kusan iri ɗaya. "Malam, kwamfutar nan ta daina barci. Sai in bar ta a kan tebur da cikakken caji, in dawo in tarar ta ɗau zafi, fanka na ta kuka, batir ya kusa ƙarewa." In aka bi diddigi, sau da yawa za a ji cewa abin ya faro ne bayan an sanya wata manhaja mai yin kwafin ajiya, irin wadda ke kwashe fayiloli zuwa faifan waje ko ma'ajiyar intanet don ko-ta-kwana.

A nan ake bambance masu gyara. Wani zai goge manhajar ya karɓi kuɗinsa. Kwamfuta ta koma barci, mai ita ya koma gida cikin murna, bai san an cire masa kariya ba sai ranar da faifansa ya mutu. Wani zai ce sai an yi fomatin. Na uku kuwa ba ya goge komai, kuma ba ya yanke hukunci da ka. Kwamfutar yake fara tambaya, ta gaya masa da kanta wanda ya riƙe ta. Wannan mutum nake son a san darajarsa, domin aikinsa irin wanda ba a gani ne. In ya yi shi daidai, na'ura za ta riƙa barci a kan lokaci, aikin shekaru kuma yana nan a killace, mai shi bai ma san an taɓa yin wata dabara a kansa ba.

Kafin a gane gwanintarsa sai an san yadda barcin yake. A 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fito da wata ƙa'ida mai suna ACPI, wadda ta damƙa wa babbar manhaja, irin su Windows, ikon sarrafa wutar da sassan na'ura ke sha. Ƙa'idar ta jera matakai tun daga S0, lokacin da kwamfuta ke aiki, har zuwa S5, lokacin da aka kashe ta. Barcin da aka fi sani shi ne S3. Furosesa ta tsaya, faifai ya tsaya, allo ya mutu, sai 'yar wuta kaɗan da ake bar wa RAM don kada ta manta abin da ke buɗe. A S4 kuwa ana kwashe duk abin da ke RAM a rubuta shi a faifai, sannan a yanke wutar gaba ɗaya. Bambancin nan ba ƙarami ba ne ga mai kwamfutar tebur a garin da ake yawan ɗauke wuta, don in aka ɗauke ta na'ura na S3, abin da bai adana ba yana iya tafiya ke nan.

Abin da kwamfuta ta fi dubawa kafin ta kwanta shi ne mintin da suka wuce ba a taɓa maɓalli ko linzami ba. Ba ta san cewa a bayan fage wata manhaja na tsakiyar kwashe hotunan biki dubu ba, sai in manhajar ta faɗa mata. Shi ya sa aka yi wa manhajoji hanyar shigar da roƙo, su ce a dakata da barci har su gama. Roƙon nan yana da hujja. In na'ura ta kwanta ana cikin kwafi, intanet zai katse, faifan waje zai tsaya, fayil ya rage rabi can rabi nan. Lamarin kamar na maigadin ofis ne da ma'aikaci ya ce wa, "Baba, kada ka kulle, ina ciki ina aiki." Baba zai jira, kuma daidai ya yi. Matsala na tasowa ne in ma'aikacin ya gama ya zauna bai yi magana ba, ko ya tsaya jiran wani da ba zai zo ba. Baba zai kwana a ƙofa, kuma ba laifinsa ba ne.

Gwanin ya san cewa kowane roƙo yana rubuce, ya kuma san inda ake duba shi. A Windows yakan buɗe baƙin allon umarni da izinin shugaban na'ura, ya rubuta powercfg /requests. Nan take kwamfuta za ta jero sunan duk wanda ya riƙe ta, kashi-kashi: wanda ya hana allo mutuwa daban, wanda ya hana na'urar kanta barci daban. A Mac umarnin shi ne pmset -g assertions, kuma in Time Machine, manhajar ajiya ta Apple, ce ke aiki zai ga sunan backupd. A Linux, systemd-inhibit --list. Rubuta umarnin ba ya kai minti guda, kowa zai iya haddace shi. Gwanintar tana wajen karanta amsar. Sau da yawa manhajar ajiyar da aka zo ana zagi ba ta ma cikin jerin. Sai a ga wani shafin intanet ne da aka bari a buɗe yana kunna bidiyo, ko direban sauti da ke ganin har yanzu ana sauraren wani abu, ko kuma, a ofis, wata kwamfuta ce ta daban ke karanta folda da aka raba mata ta waya. Da an goge manhajar ajiyar, da an hukunta marar laifi, ciwon kuma yana nan.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake rarrabe cuta uku da mai kawo ƙorafi ke kira da suna ɗaya. Ta farko, kwamfuta ta ƙi kwanciya da kanta, wato wadda muka gani. Ta biyu, tana kwanciya amma wani abu na tashin ta cikin dare. A nan jerin roƙo ba zai nuna komai ba, sai ya koma ga powercfg /lastwake don jin abin da ya tashe ta a karon ƙarshe, da powercfg /waketimers don ganin wanda ya saita agogon tashi. Manhajojin ajiya da yawa suna saita irin wannan agogo, haka ma sabunta Windows. Ta uku ta fi wuyar ganewa. Laftof da yawa na zamani ba su da S3 kwata-kwata, an musanya shi da wani barcin sama-sama da Microsoft ke kira Modern Standby, inda allo ke mutuwa amma na'ura tana nan a farke kaɗan, har tana iya leƙa intanet. Umarnin powercfg /a zai gaya masa irin barcin da na'urar ke da shi, powercfg /sleepstudy kuma ya fito da rahoton abin da ya sha batir cikin dare. Ya kuma san wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: roƙon manhaja, a yadda aka saba, yana hana barcin da kwamfuta ke yi da kanta ne kawai, ba ya hana wanda mai ita ya umarta. Saboda haka in aka ce masa laftof ta yi zafi a cikin jaka bayan an rufe murfi, hankalinsa zai fi tafiya kan cuta ta biyu da ta uku.

To, a ce an kama manhajar ajiyar dumu-dumu a cikin jeri. Tambayarsa ta gaba ita ce, me ya hana ta gamawa? A nan lissafi yake yi, ba zato ba. Mutum yana da gigabayit 100 na hotuna da bidiyo, layinsa kuma yana tura megabit 5 a sakan. Kowane bayit bit 8 ne, don haka aikin zai ci sama da awa 44, in layi bai katse ko sau ɗaya ba. Wannan manhaja lafiyarta ƙalau, an ɗora mata kayan da ya fi ƙarfin hanyar ne. Irin wannan kaya, in faifan waje ne mai rubuta megabayit 100 a sakan, minti 17 ya ishe shi. Wani lokaci kuma manhajar na neman faifan da aka zare tun jiya, ta ƙi haƙura. Wani lokaci fayil ɗaya ne ƙato, kamar rumbun wasiƙun Outlook, wanda ke canzawa duk sanda saƙo ya shigo, manhajar kuma ba ta iya ɗaukar canjin kawai ba, sai ta sake jido shi daga farko. Wani lokaci faifan ne ya fara lalacewa, ana ta karanta wuri ɗaya ana kasawa. Wannan na ƙarshen gargaɗi ne babba, kuma na sha jin daɗin yadda masu hankali a sana'ar ke ajiye maganar barci gefe a irin wannan hali, su ce a fara ceto fayilolin tukuna.

Windows ta tanadi hanyar toshe bakin mai roƙo. Da powercfg /requestsoverride ana iya cewa a yi watsi da roƙon wata manhaja har abada. Gwanin ya san umarnin, amma ba ya saurin kai hannu gare shi, domin ya san abin da zai biyo baya: kwamfuta za ta riƙa barci lafiya, kwafin ajiya kuma ya riƙa yankewa a tsakiya kullum, ba mai lura. Ya ma saba ganin ɗaya fuskar matsalar. Ɗalibi zai sayi datar dare mai rahusa, ya kunna tura aikinsa zuwa ma'ajiyar intanet, ya kwanta. Bayan 'yan mintoci kwamfutar ma ta kwanta, gari ya waye data ta ƙare wa'adi, ba abin da ya tafi. Wancan na kukan ta ƙi barci, wannan na kukan ta yi barci da wuri, tushen kuwa ɗaya ne: ba a daidaita lokacin ajiya da rayuwar na'urar ba.

Shi ya sa daga nan yakan bar allo ya juyo ga mutum. "Hajiya, in kwamfutar nan ta ɓata yau, wane abu ne ba za ki sake samunsa a ko'ina ba?" Sai a tarar a cikin gigabayit ɗari uku, abin da ba shi da madadi bai wuce takardun kasuwanci da hotunan iyali ba, sauran fina-finai ne da manhajojin da za a iya sake saukewa. "Aikin kwana nawa za ki iya haƙurin rasawa?" Mai rubuta kundin digiri ba zai jure asarar yini guda ba, mai ajiye hotunan shekarun baya kuwa sau ɗaya a wata ya ishe shi. "Yaushe ake kawo muku wuta? Da sola kuke aiki ko da janareta?" Amsoshin nan su ne ke zaɓen hanya, ba tallan kamfani ba.

Ga wanda ke da tsayayyar wuta, hanya mafi sauƙi ita ce a daina ajiyar da ba ta tsayawa, a ba ta lokaci. Mai tsara ayyuka na Windows yana da zaɓin tashin kwamfuta don gudanar da aiki. Sai a saita ƙarfe biyun dare, na'ura ta farka, ta yi kwafi, ta koma. Akwai tarko a nan wanda sai wanda ya ƙware ya san shi: in agogo ne ya tashi Windows ba mutum ba, minti 2 kawai take jira ta koma barci, sai in wani ya shigar da roƙo. Wato roƙon da aka zo ana kuka da shi, shi ake bukata a nan. A Mac da Linux akwai wata dabara mai tsabta da nake matuƙar so. Ana rubuta caffeinate ko systemd-inhibit a gaban umarnin kwafi, sai roƙon ya rayu daidai tsawon rayuwar aikin. Kwafi na ƙarewa, roƙo ya faɗi da kansa. Ga wanda wutarsa ba ta da tabbas kuwa, agogo ba abin dogaro ba ne, don ƙarfe biyun dare na iya riskar batir a mace. Irin wannan gwanin yakan ɗaura ajiyar da wata al'ada ta mai kwamfutar. Duk Juma'a bayan an taso daga masallaci, ko duk sanda aka tashi janareta da yamma, a soka faifai, a danna abu ɗaya, a jira, a zare.

Abin da ya sa wannan jira ba ya tsawo shi ne wata hikima da ta fito daga Ostareliya. A 1996 Andrew Tridgell da Paul Mackerras, a Jami'ar Ƙasa ta Ostareliya da ke Kanbera, suka fito da rsync. Damuwarsu irin tamu ce: layin sadarwa mai jan ƙafa, da fayiloli manya. Suka ce, in akwai tsohon kwafin fayil a can, sabo a nan, me zai sa a sake tura shi duka? Sai ɓangaren da ke riƙe da tsohon ya yanyanka shi gunduwa-gunduwa, ya lissafa wa kowace gunduwa 'yar lambar shaida, ya aiko da lambobin kawai. Mai sabon kwafi ya bi fayil ɗinsa yana neman gunduwoyin da suka dace, ko da sun gusa daga inda suke a da, sannan ya tura abin da ya bambanta kaɗai. In kuma kwafin daga kwamfuta ne zuwa faifan da ke soke a jikinta, rsync na duba girman kowane fayil da lokacin da aka taɓa shi, ta tsallake duk wanda bai canza ba. Karon farko ne kawai ke cin lokaci. Daga baya masu amfani da ita suka ƙara wata dabara: kowace ajiya ta samu foldarta mai kwanan wata, wadda in ka buɗe za ka ga kamar cikakken kwafi ne, alhali fayilolin da ba su canza ba suna nan guda ɗaya a faifai, sunayensu ne kawai aka maimaita. Da haka mutum ke iya riƙe kwafin makonni masu yawa a faifan da bai fi girman kayansa da yawa ba, ya kuma koma ya ɗauko takarda yadda take wata biyu da suka wuce.

A kan irin wannan tunani Apple ta gina Time Machine, wadda ta fito a 2007. Tana riƙe kwafin kowace awa na awa 24 da suka wuce, na kowace rana har wata guda, sannan na kowane mako har faifai ya cika. Windows 8 ta zo da File History a 2012, ita ma kowace awa take yi in ba a canza mata ba, kuma ana iya rage mata zuwa sau ɗaya a rana. Akwai kuma restic da BorgBackup, na kyauta, masu kulle bayanai da kalmar sirri kafin su bar kwamfuta, waɗanda in layi ya katse ba sai sun koma farko ba, abin da ya sa suka dace da intanet mai zuwa yana tafiya. Wanda ke son Windows ɗinsa da duk manhajojinsa su dawo yadda suke in faifai ya mutu, sai a ɗaukar masa hoton faifan gaba ɗaya da irin su Clonezilla, lokaci-lokaci.

Manhajar kwafi ta Robocopy ma tana nan cikin kowace Windows tun daga Vista, kuma a kanta ake gane wanda ya san kayan aikinsa. In ta ci karo da fayil ɗin da ya ƙi kwafuwa, saitinta na asali shi ne ta sake gwadawa sau miliyan ɗaya, tana jiran sakan 30 tsakanin kowane gwaji. In aka lissafa, kusan shekara guda ke nan a kan fayil ɗaya. Gwanin ba ya rubuta umarninta ba tare da ya rage wannan zuwa sau biyu ko uku ba. Yana kuma taka-tsantsan da zaɓin /MIR, mai mayar da faifan ajiya daidai da kwamfuta sak, domin duk abin da aka goge a nan za a goge shi a can. In kuskure ne ya goge shi, kuskuren ma za a kwafa.

Wannan haɗari shi ne yake ta ƙoƙarin fahimtar da masu cewa, "Ai komai nawa na kan Google Drive." Irin waɗannan manhajoji aikinsu daidaita wuri biyu ne. Suna da amfani sosai, gigabayit 15 na kyauta da Google ke bayarwa ya ishi takardun mutane da yawa, amma abin da ka goge yana tafiya kwandon shara, bayan kwana 30 kuma ya ɓace. Fayil ɗin da ya lalace a kwamfuta, lalataccen za a tura. Mai ɗaukar hoto Peter Krogh, ɗan Amurka, shi ya yaɗa ƙa'idar da ake kira 3-2-1: kwafi uku, a kan kayan ajiya iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Gwanin namu yakan fassara ta da abin da ke hannun mutum. Kwamfuta ɗaya, faifan waje a durowa biyu, na uku kuma ko intanet ga takardu ƙanana, ko wani faifan a gidan ɗan'uwa. Filash ba ya shiga lissafinsa sai ya gwada shi, saboda na jabu sun yi yawa a kasuwa, masu nuna girman da ba su da shi, suna karɓar fayil suna shafe na baya a ɓoye. Manhajar gwaji ta H2testw na cika filash da bayanai ta sake karantawa, nan take asiri ya tonu.

Yana nacewa kuma a kan a zare faifan bayan an gama. Faifan da ke soke dare da rana, duk abin da ya sami kwamfuta zai same shi: wutar da ta dawo da ƙarfi, tsawa, ɓarawo, da manhajar garkuwa da bayanai mai kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa. A ranar 27 ga Yunin 2017 wata muguwar manhaja da aka laƙaba wa NotPetya ta ɓulla daga Yukren ta afka wa Maersk, kamfanin jiragen ruwan dakon kaya na Denmark. Cikin ɗan lokaci ta shafe kwamfutocinsa a faɗin duniya. Kamfanin na da manyan na'urori kusan 150 masu riƙe da rajistar ma'aikata da izinin shiga, kowace kwafin 'yar'uwarta ce, kuma da yake duk a haɗe suke a farke, tare suka tafi. Kamar yadda mujallar Wired ta ruwaito a 2018, guda ɗaya ce ta tsira, a ofishinsu na Ghana, saboda an ɗauke wuta kafin harin, na'urar ta fita daga layi. Wani ma'aikaci ya ɗauko faifan ya kawo shi Najeriya, ya miƙa wa wani da ke da izinin shiga Ingila, shi kuma ya wuce da shi Landan. Da wannan faifai aka soma farfaɗo da kamfanin da sai da ya sake girka kwamfutoci 45,000. Abin da ɗaukewar wuta ta yi wa Maersk bisa sa'a, shi gwanin ke koya wa mutane su yi da gangan.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ya fi raba shi da sauran. Ba ya yarda da koren maki ko saƙon da ke cewa an kammala. Sai ya dawo da fayil ya buɗe shi da idonsa. A 1998, ana cikin haɗa fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar, wani umarnin gogewa da aka rubuta a inda bai dace ba ya cinye kusan kashi 90 cikin ɗari na aikin. Suka nufi kaset ɗin ajiya da kwanciyar hankali, sai suka tarar kwafin ya daɗe da samun matsala ba wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne Galyn Susman, ɗaya daga cikin shugabannin fasaha na fim ɗin, wadda ke aiki daga gida saboda ta haihu, tana da kwafi a kwamfutarta. A bargo aka naɗe na'urar aka kawo ta ofis a mota. A ranar 31 ga Janairun 2017 kuma wani injiniya a GitLab ya goge rumbun bayanai na kusan gigabayit 300 bisa kuskure. Kamfanin na da hanyoyin ajiya har biyar, ba wadda ta yi aiki yadda aka zata. Ɗaya daga ciki ta daɗe tana kasawa, saƙonnin gargaɗin da take aikawa kuma ba sa isa ga kowa. Wani kwafi da aka ɗauka kimanin awa shida kafin nan, don wani gwaji, shi ya cece su, aikin waɗannan awoyi kuwa ya tafi. Sun yi abin a yaba da suka bayyana wa duniya komai dalla-dalla, har suka nuna aikin gyaran kai tsaye a YouTube, kuma masu sana'ar sun ƙaru da shi ƙwarai.

Saboda haka kafin ya miƙa kwamfuta ga mai ita, yakan ce, "Alhaji, zauna nan, kai za ka yi da hannunka." Ya sa shi ya zaɓi takarda ɗaya, ya canza mata suna kamar ta ɓata, ya soka faifai, ya nemo ta a ajiyar jiya, ya buɗe ta ya karanta. In an kulle ajiyar da kalmar sirri, ya sa shi ya rubuta ta a takarda ya adana tare da takardun gida ko na fili, domin ajiyar da aka manta kalmarta ba wanda zai iya buɗe ta, har wanda ya rubuta manhajar. Sannan ya saita barci a minti ɗaya don gwaji, su janye hannu su biyun, su jira allo ya mutu fanka ta yi shiru. In ta kwanta, ya mayar da saitin minti goma sha biyar ko yadda mai ita ke so, ya rubuta kwanan wata a jikin faifan, ya ce a dawo da shi bayan wata uku a sake gwadawa.